Maƙoƙo: Yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sinadaran jiki

Jikin ɗan Adam yana da hanyoyi biyu na isar da saƙo daga wani sashe zuwa wani.

Hanya ta farko ita ce ta jijiyoyin saƙo, waɗanda suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka bazu ko'ina a jiki. Saƙon da ke bin su yana kama da lantarki, kuma a wasu jijiyoyin gudunsa kan kai mita 120 a cikin daƙiƙa guda. Shi ya sa mutum kan janye hannunsa daga wuta tun kafin ya tantance abin da ya taɓa.

Hanya ta biyu kuwa ta sinadarai ce da ake kira homon, waɗanda wasu ƙananan gaɓoɓi ke zubawa cikin jini. Aikinsu ba ya da sauri, amma tasirinsa ya fi daɗewa. Su ne ke kula da girma da balaga da haihuwa, da kuma yawan sukari a cikin jini.

Cutar maƙoƙo na daga cikin misalan da suka fi nuna yadda hanyoyin biyu ke haɗuwa.

Inda umarni ke fitowa

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da likitoci ke kira haifotalamos. Daf da shi kuma akwai wata 'yar gaɓa mai suna fituwitari, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba.

Haifotalamos ne ke lura da halin da jini yake ciki, sannan ya umarci fituwitari. Ita kuma sai ta saki wani homon mai suna TSH, wanda jini ke kaiwa ga gaɓar tayirod.

Tayirod tana gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, kuma siffarta kamar ta malam-buɗe-littafi ce. Nauyinta a jikin baligi kimanin giram 20 ne. Homon ɗin da take samarwa, wato T4 da T3, su ne ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci, da bugun zuciya, da kuma ɗumin jiki.

Idan suka wadata a cikin jini, ƙwaƙwalwa kan rage umarninta. Idan kuwa suka yi ƙaranci sai ta ƙara.

Yadda maƙoƙo ke samuwa

Tayirod ba ta iya haɗa waɗannan homon sai da sinadarin aidin, wanda jiki ke samu daga abinci kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 a kowace rana, mai juna biyu da mai shayarwa kuwa 250.

Idan aidin ya yi ƙaranci, fituwitari kan yi ta aika TSH babu ƙaƙƙautawa. Wannan matsin lamba ne ke sa tayirod ta yi ta girma har wuya ya kumbura.

Matsalar ta fi yawa a yankunan tsaunuka da waɗanda ke nesa da teku, inda ƙasar noma ba ta da isasshen aidin. Rogon da ba a jiƙa shi yadda ya kamata ba yana ƙara tsananta ta, domin yana ɗauke da sinadarin da ke hana tayirod tsotsar aidin.

To sai dai ba kowane maƙoƙo ne rashin aidin ke haddasawa ba. Wani lokaci garkuwar jiki ce ke far wa tayirod. Idan aikinta ya yi yawa, mutum kan rame duk da yana cin abinci, ga faɗuwar gaba da gumi da karkarwar hannu. Idan ya yi kaɗan, sai kasala da jin sanyi da ƙiba da mantuwa. Gwajin jini a asibiti ne ke rarrabewa.

Haɗari ga jarirai

Ɓarnar da ta fi muni ba a wuya ake ganinta ba. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta ginuwa sai da homon na tayirod, kuma a watannin farko na ciki ya dogara ne kacokan a kan na mahaifiyarsa.

Idan uwa ba ta da isasshen aidin, cikin na iya zubewa, ko a haifi jaririn da kurumta, ko tsumburewa, ko raunin fahimta da ba ya warkewa. Masana na ɗaukar ƙarancin aidin a matsayin babban sanadin lalacewar ƙwaƙwalwar yara da ake iya kaucewa.

Rigakafi

Wani masani Bafaranshe, Bernard Courtois, shi ne ya gano aidin a shekara ta 1811. A 1922 aka fara sanya shi cikin gishiri a ƙasar Suwizalan, sannan Amurka ta bi sahu a 1924. Najeriya ta wajabta hakan a kan gishirin da ake ci tun daga 1993.

Ana kuma samun aidin a kifin teku da madara da ƙwai.

Jami'an kiwon lafiya na ba da shawarar a sayi gishirin da ke cikin leda mai ɗauke da alamar aidin, a kuma adana shi a rufe, nesa da rana da laima, domin sinadarin na raguwa idan aka bar shi a buɗe. Haka kuma sun ce ba a buƙatar ƙara yawan gishiri a miya: abin da bai kai giram 5 a rana ba ya wadatar da baligi.