Yaye a Safo, jiya da yau

A zamanin iyayenmu a Safo, rana ɗaya ake yaye. Da asuba a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, uwa kuma ta shafa ɗaci a nono ko da zai dawo. In ta yi kwanika, ba a jiran shekara biyu, don an ɗauka nonon mai ciki ciwo yake sa yaro.

Na ga ƙanena a makon yayensa. Ya ƙi kunu, ya daina kiran sunan kowa, dare ya yi ya riƙe zanen kaka yana ajiyar zuciya. Tsofaffi suka ce kewa ce. Gaskiya suka faɗa, amma kewar da ke hana ci tana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da zawo da zazzaɓi.

Yunwar 2005, bayan fari da fara na 2004, ta tona wannan illa ta yaye. Cibiyoyin tamowa na ƙungiyar likitoci ta MSF a yankinmu na Maraɗi sun cika, galibi da ƴan ƙasa da shekara uku. Yanzu a asibiti ana roƙon uwa ta janye nono sannu a hankali, yaron yana kusa da ita.