Ƙaramin Kan Jirgin Wushishi da Abin da Faɗin Dogo Ya Haifar

'Yan uwa mazauna Suleja da kewaye. Yawancinmu iyayenmu daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Zariya suka sauko, kuma da yawa cikinsu jirgin ƙasa ne ya kai su Minna ko Kaduna kafin su ƙaraso nan a mota, domin tsohon dogo bai taɓa biyowa ta Suleja ba. Amma ba kowa ya san cewa a wannan jiha tamu ta Neja ne kan jirgi ya fara huci a duk Arewa ba.

A 1901 Lugga yana shirin mayar da hedkwatarsa Zungeru. Kayan Turawa ta ruwa suke zuwa, su biyo Kwara su shiga kogin Kaduna, to amma jiragen ruwa ba sa iya kaiwa har Zungeru. Sai aka shimfiɗa ɗan siririn dogo daga Wushishi, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko, tsawonsa duka wajen mil 22. Faɗin tsakanin ƙarafansa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal. Kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila ne ya ƙera kan jirgin da ya fara aiki a kai, wanda daga baya aka adana shi a tashar Minna a matsayin kayan tarihi.

Yadda yake aiki ba wuya. Ana hura wuta da itace ko gawayin kwal a bayan tukunya, zafin ya ratsa bututu cikin ruwa, ruwa ya zama tururi, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafafu. Ƙafafu shida ne ke ja, an haɗa su da sandar ƙarfe, sai wasu biyu ƙanana a baya da ke ɗauke da ɗakin direba. Ruwansa a jikinsa yake, cikin tankuna, ba ya jan wani taragon ruwa daban. Nauyin ruwan nan ma amfani ne, domin yana danne ƙafafu kada su zame a kan ƙarfe. Ƙafafun kuma gajeru ne, saboda ƙarfin ja ake nema, ba gudu ba.

Me ya sa aka zaɓi siriri? Kuɗi ne. Siririn dogo ƙarfensa mara nauyi ne, gadojinsa ƙanana, kuma yana iya shan kwana mai tsanani, ya zagaye dutse maimakon a fasa shi. Gwamnatin Arewa ta lokacin ba ta da abin hannu, da tallafin Landan take tafiya. Don haka da kuza ta ɓullo a tsaunukan Jos, kamfanoni suka gaji da biyan 'yan dako su kai ta Loko a ka, sai aka sake komawa ga wannan awo. Aka fara dogon Bauci daga Zariya, ya kai Rahama a 1912, ya isa Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Har kayan dogon Wushishi aka kwasa aka kai can. Abin mamaki, duk da sunansa, bai taɓa shiga garin Bauci ba. Lardin ne ya ba shi suna.

To, araha ba ta ado. Babban dogon Baro zuwa Kano da aka gama a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Ƙaramin tarago ba ya hawa babban layi, saboda haka duk buhun kuza da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodi. Ƙaramar tukunya kuma ƙaramin tururi take bayarwa: a hawan tsauni dole a rage kaya, a yi ta tsayawa shan ruwa. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa Fatakwal. Daga nan ƙaramin jirgin ya koma na fasinja da kayan gona, motocin lori suka ƙarasa shi, aka rufe shi a 1957. Wasu kawunansa na ajiye a gidan tarihi na Jos.

Amma ya bar baya. Leburori da fatake da mahauta Hausawa da suka cika Jos, Bukuru da garuruwan tasha, da yawa shi ya kai su. Irin zaman da muke yi a nan, su ma haka suka fara.

Yau ma awo biyu gare mu. Dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, tsohon layin da ya ratsa Minna kuwa yana nan a ƙafa 3 da inci 6, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Wahalar da aka sha a Zariya shekaru ɗari da suka wuce, ita ce ke jiran ɗan kasuwar da zai haɗa layukan nan da kayansa. Duk wanda hanya ta kai shi Minna, ya ja yaransa su nemi ganin wannan ɗan kan jirgi, ya faɗa musu labarinsa.

Allah Ya sa mu dace, amin.