Cinikin Zuma a Ƙasar Hausa, Daga Amya Zuwa Lambu

Cikin dukan kayan da a ke kasawa a kasuwannin ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda mai saye ke bin asalinsa kamar zuma. Mai sayen gero ya kan dubi ƙwaya, ya tauna, ya biya. Mai sayen zuma kuwa sai ya tambayi garin da ta fito da wanda ya ɗebo ta, ya ɗanɗana, ya ɗiga a ruwa, duk da haka ya koma gida hankalinsa bai kwanta ba. Wannan zargi yana da mafari, ana kuwa iya bin sawunsa cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Shi ne ya sa a yau waɗansu magidanta su ke wuce kantin da ke ƙofar gidansu, su ɗebi iyali su tafi lambun da a ke kiwon zuma, su saya a gindin itace.

Tun zamanin da, kiwon zuma sana'ar manoma ce, wadda ɗa ke gada wurin ubansa. Abin aikinta shi ne amya. A kan saƙa ta da ciyawa, doguwa mai rami kamar ganga, a shafe ta da kashin shanu, a toshe bakinta da faifai ko sakaina, a bar 'yar kafa ta shiga da fita. Waɗansu su kan yi da tukunya ko kututturen da aka rarake. In ta bushe sai a turara ta da itatuwa da saiwoyi masu ƙamshi, kowane gida da irin haɗinsa wanda ba ya faɗa wa bare, sa'an nan a hau da ita a ɗaure tsakanin rassa. Daga nan sai jira. Mai amya ba ya sayen ƙudan zuma, ba ya ciyad da shi. Baƙo ne da a ke yi wa masauki, in ya ga dama ya sauka. A waɗansu garuruwa masu sana'ar har sarauta gare su, watau Sarkin Zuma, kamar yadda maƙera da mahauta ke da nasu. Da wannan suna kuma a ke kiran babbar uwar da ke cikin amya, ko da ya ke mace ce. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan zato ba, gama Turawa ma sarki su ke ce da ita, har Charles Butler na Ingila ya buga littafinsa a 1609 yana nuna sarauniya ce.

Amya ba ta rabuwa da itace, itacen gona kuwa a ƙasar Hausa yana da mai shi. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka dukiya ce da a ke gado, har a kan sami gona ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Saboda haka wanda zai ɗora amya bisa itacen da ba nasa ba sai ya nemi izini, ran ɗiba kuma ya kai wa mai itace nasa rabo. Itatuwan nan su ne ke ciyad da ƙudan. Gawo yana fure da farkon rani, sa'ad da sauran daji ke bushewa, kaɗanya ta biyo cikin hunturu, ɗorawa ta fid da jajayen tutunta gab da bazara. Shi ya sa babbar ɗiba ta kan faɗo da bazara, kafin ruwa ya sauka. Da dare a ke yinta, mutum ya hau da igiya da damin ciyawa mai hayaƙi, ɗan'uwansa na ƙasa yana karɓa.

Abin lura ga mai nazarin ciniki shi ne yadda zumar ke isa hannun mai saye. Da saƙarta ta ke zuwa, cikin ƙwarya ko tulu. Mai saye yana ganin farar saƙa, sabuwa wadda ba a yi 'ya'ya cikinta ba, ya bambanta ta da baƙa tsohuwa, kowace da kuɗinta. Mai sayarwa kuma ba baƙo ba ne. An san gidansu, an san itatuwan da amyarsa ke kai. Uwar amarya da ke neman zumar alkaki da nakiya don gara, da malamin da zai ba da rubutu a sha da zuma, da mai jinyar da ya ji ambatonta cikin Suratun Nahli, duk wurin mutum guda su ke aikawa. Ba a ce mutanen da ba su san algus ba. Amma zumar da aka ƙara wa ruwa ba ta daɗewa sai ta yi tsami ta taso da kumfa, maɗin ɗinya ko na rake kuwa launinsa da ɗanɗanonsa su kan tona shi, ba kuma yadda za a yi a ɗura shi cikin saƙar da ƙuda ya liƙe da kaki. Farin sukari, wanda shi ne zai iya ɓuya, ya fi ƙarfin mai algus. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya lissafa sukarin Faransa cikin kayan da raƙuma ke ƙetaro hamada da su, tare da siliki da takubba. Kayan sarakuna da attajirai ke nan.

Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari, dukansu kuwa a zamanin Turawa suka soma. Na farko shi ne arahar zaƙi. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sukarin da ke zuwa bisa raƙumi ya koma zuwa cikin tarago. A ƙasar Zazzau, wajen Maƙarfi da Ikara da Kudan, aka kafa injunan matse rake waɗanda doki ke juyawa, mazarƙwaila ta cika kasuwannin ƙauye. Cikin shekarun 1960 masana'antar sukari ta Bacita ta fara aiki. Da sukari ya komo ƙasa da zuma a kuɗi, sai mata suka koma tsoma alkaki cikin ruwansa, zuma ta janye daga madafa ta tsaya wajen magani. Nan ne ɓarnar ta fi ciwo, domin wanda ke sayen zuma a yau galibi majinyaci ne, wani ma likita ya hana shi sukari, ga shi an dafa masa shi an ƙona an zuba a kwalba.

Na biyu shi ne rabuwar zuma da saƙarta. Kaki yana da nasa masu saye tun da, irin su maƙeran tagulla da dukawa, sa'an nan kamfanonin Turawa suka shiga sayensa don kaiwa ƙetare. Ga kuma mota ta buɗe kasuwannin nesa, saƙa kuwa ba ta jure tafiya. Sai aka koma matse zuma tun a ƙauye, a ɗura a garwa, daga baya a jarka, ta bi hannun ɗan sari da dillali da mai talla kafin ta kai birni. Zumar da a ke ce wa ta Mambila, ko ta Magarya da Gaya a Nijar, ko ta Adamawan Kamaru, sunan wurin kaɗai ke isowa da ita, ba wanda zai iya cewa ga mutumin da ya ɗebo.

Wannan cuta ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, abin da ya faru a Amurka kuwa ya isa misali. Can ma da aka sami ruwan sukarin masara da araha sai aka shiga gauraya shi da tatacciyar zuma, mutane suka guje ta suka koma neman mai saƙa. A 1881 wani masanin sinadarai, Harvey Wiley, ya rubuta cewa har saƙar ma ana ƙera ta da inji a cika ta da ruwan sukari. Ba gaskiya ba ne, shi kansa daga baya ya ce raha ya yi, amma maganar ta daɗe tana cutar masu kiwo, har A. I. Root, mai sayad da kayan kiwon zuma, ya sa ladan dala 1,000 ga duk wanda ya kawo irin wannan saƙa. Ba a daidaita ba sai bayan dokar tsabtar abinci ta 1906, wadda Wiley ɗin nan ne ya fi kowa fafutukarta.

Daga can kuma akwatin kiwo ya fito. A 1851 wani limamin Kirista a Filadelfiya, L. L. Langstroth, ya gane cewa in an bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin katakai, ƙudan zuma ba ya cike ta, ba ya kuma liƙe ta. Da wannan ya yi akwatin da a ke zaro saƙa ɗaya ɗaya a mayar, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1852. A 1865 Franz von Hruschka, hafsan sojan Austiriya, ya fito da injin da ke wulwula saƙa zuma ta fita ba a fasa ta ba. Wajen 1970 aka tsara wani akwati mai sauƙin kuɗi a Kenya, wanda kafinta na ƙauye ke iya yi, shi ne ma'aikatan gona da jami'o'i suka fi yaɗawa a Arewa. Bai kori amya ba, har yanzu ita ce ta fi yawa. Amma dole a faɗi aibinta: mai ɗiba cikin duhu ba ya zaɓe, ya kan kwashe nunanniya da ɗanya da mai 'ya'ya, wuta ta hallaka ƙuda da yawa, zumar ta fito da ƙaurin hayaƙi. Sau da yawa abin da mai saye ya ɗauka algus ne, mugun ɗiba ne kawai.

Akwati a ƙasa ya ke zama bisa ƙafafu, saboda haka lambu ya fi dacewa da shi. Wannan ya zo daidai da lokacin da gatarin masu gawayi ke cin kaɗanya da ɗorawa, gonakin mangwaro da lemo da gwaiba da yazawa kuwa suna ƙaruwa a gefen birane. Mai lambu yana cin riba biyu, gama ƙudan da ke tara masa zuma shi ne ke kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Sai dai kalmar zumar lambu tana bukatar gyara. Ƙudan zuma ya kan yi kiwo har kilomita biyu ko uku daga gidansa, bai san shinge ba. Abin da ke cikin akwati na unguwar ne duka, har da furen darbejiya, wadda aka shigo da ita Barno a 1928, mai sa zuma ɗan ɗaci. In maƙwabci ya yi feshin maganin ƙwari lokacin fure, mai akwati ne ke kwashe gawa.

Gwaje-gwajen da a ke yi a kasuwa, na ashana da na ɗigawa a ruwa ko a rairayi, kauri kawai su ke nunawa, sukarin da aka dafa da kyau yana cinye su duka. Daskarewa ma ba shaida ba ce, zuma ta gaskiya ta kan yi tsakitsaki in ta daɗe. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ce kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100. Tun ƙarshen shekarun 1970 akwai awon da ke gane sukarin rake da na masara ta wajen irin kabon da ke cikinsu, ko da ya ke na shinkafa yana kuɓuce masa. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana rajistar zumar da ke da suna a jikin kwalba, kuma a Kamaru an yi wa farar zumar Oku rajistar asali a 2013. Amma yawancin zumar da Bahaushe ke saye ba ta da takarda, ba ta kuwa taɓa shiga ɗakin awo ba.

Saboda haka mai zuwa lambu shaidar kakansa ya koma nema, watau saƙa da itace da fuskar mai kiwo. Bambancin shi ne kakan a ƙauye ɗaya ya ke da mai amya, jikan kuwa sai ya sami abin hawa da ranar hutu da kuɗin da ya fi na kasuwa, abin da ya bar talakan birni da kwalbar tasha. Wanda ya sami zuwa da bazara, da yamma a ke buɗe masa akwati, yara suna tsaye daga nesa saboda harbi. Mai lambu ya zaro saƙa, ya nuna wadda aka liƙe da kaki, ya mayar da mai 'ya'ya, ya yanka a gabansa, ya ɗora bisa sikeli.