Jam'iyyar Democrat ta Jihar Mississippi

Jam'iyyar Democrat ta Mississippi reshe ce ta jam'iyyar Democrat ta ƙasar Amurka, kuma hedkwatarta tana birnin Jackson. An san ta da yadda magoya bayanta suka sauya: a da jam'iyyar fararen fata ce zalla, a yau kuwa yawancin masu zaɓenta baƙaƙen fata ne.

Tarihi

Bayan Yaƙin Basasar Amurka, bayin da aka 'yanta sun bi jam'iyyar Republican. A cikinta ne Hiram Revels ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Dattawa a 1870. 'Yan Democrat sun ƙwace mulkin jihar a zaɓen 1875 ta hanyar tsoratarwa da tashin hankali. Kundin tsarin mulkin jihar na 1890 ya kawo harajin zaɓe da jarrabawar karatu, inda ake sa mutum ya karanta ko ya yi bayanin wani sashe na kundin. Jami'in rajista, wanda farar fata ne, shi ke yanke ko bayanin ya yi, don haka ko malamin makaranta yana iya faɗuwa.

Rabuwar 1964

A 1964 masu fafutukar 'yanci suka kafa Mississippi Freedom Democratic Party, suka je babban taron jam'iyya a Atlantic City suna neman kujerun wakilan jihar. A can ne Fannie Lou Hamer ta ba da labarin dukan da aka yi mata a gidan yari. An yi musu tayin kujeru 2 kacal, suka ƙi. A shekarar ce Barry Goldwater na Republican, wanda ya yi adawa da dokar haƙƙin jama'a ta 1964, ya samu kusan kashi 87 cikin 100 na ƙuri'un jihar.

Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta sauya lissafi. Baƙaƙen fata masu rajista sun tashi daga kusan kashi 7 zuwa kusan kashi 60 a 1967, shekarar da aka zaɓi Robert Clark zuwa majalisar jihar. Ɓangarorin jam'iyyar biyu sun haɗe a 1976.

Sai dai a hankali fararen fata suka riƙa komawa Republican. Kirk Fordice ya ci kujerar gwamna a 1991, ɗan Republican na farko cikin fiye da shekara 100. Ronnie Musgrove, wanda ya sauka a 2004, shi ne gwamnan Democrat na baya-bayan nan.