Yadda Ake Hana Yoyo Da Kare Fata Ga Masu Jakar Sitoma

Sitoma ƙofa ce da likitoci ke buɗewa a ciki ta hanyar tiyata, domin bahaya ko fitsari ya riƙa fita zuwa wata jaka da ake mannawa a fata. Akan yi ta ne sakamakon cutar dajin hanji, toshewar hanji ko mummunan rauni.

Babban abin da ke ɓata fatar wurin shi ne yoyo. Idan ƙazanta ta shiga ƙarƙashin danƙon jakar, takan ci fata, ita kuwa fatar da ta saɓule ba ta riƙe danƙo, sai yoyon ya ƙaru.

Kariya tana farawa ne daga awo. Kada ramin da za a yanka ya zarce faɗin sitomar da fiye da milimita 3. A riƙa sake awo a makonni 6 zuwa 8 na farko, domin a lokacin ne kumburin tiyata ke saɓewa.

A wanke wurin da ruwan ɗumi, a bari ya bushe sarai, a kuma guji man shafawa da sabulu mai maiƙo. Bayan an manna jakar, a dafe ta da tafin hannu kamar minti ɗaya.

A zubar da abin da ke ciki kafin ya kai rabi. Ƙaiƙayi ko raɗaɗi alama ce ta yoyo, don haka a sauya jakar nan take, kada a liƙe ta da filasta.

Idan fata ta yi gyambo, ko launin sitomar ya koma baƙi, a garzaya asibiti.