Daga Jarkar Yauri zuwa Jan Ƙarfen da aka Ɗaure

 Yau za mu bi sawun wani abu da muke taɓawa kullum ba mu tambayi asalinsa ba.

Wanda ya tsaya a bakin ruwan Yelwa ranar kasuwa zai ga jarkoki da bokitai da robobin kifi jibge a kwale-kwalen da suka taso daga Wara ta ƙasar Ngaski ko daga wajen Shanga. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibiran Gungawa aka tashe su, tulu da ƙwarya ne kayan yawancin gidaje. Roba ta zo daga baya ta mamaye gaɓar tafkin.

Roba dai sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari, dubbai a jere, masana na ce mata folima. Galibi ƙwayoyin ba sa haɗuwa sai da abin da ake kira katalis. Mu ɗauke shi a matsayin dillalin kasuwar kifi: shi ke ƙulla ciniki, amma ba a haɗa shi cikin kaya a tafi da shi.

A 1933 masanan kamfanin ICI a Ingila suka yi tuntuɓe da robar leda ba da niyya ba, a ƙarƙashin matsi mai tsananin gaske. A wannan hanya bakin sarƙar kan zama abin da ake kira radikal, mai zafin nema, yana cafkar duk ƙwayar da ta matso. Sarƙoƙi sukan fito wata doguwa wata gajera, ba mai iya tsawata musu. A 1951 kuma Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin Phillips a Amurka suka ɗora ƙarfen kuromiyam a kan silika, sinadarin nan na cikin yashi, suka samu roba mai tauri ba tare da wancan matsi ba. Irin robar jarkokinmu ke nan, kuma har gobe ana yin kaso mai yawa nata da wannan katalis.

Shi kuwa radikal ya daɗe ba linzami. A 1995 Krzysztof Matyjaszewski a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka da Mitsuo Sawamoto a jami'ar Kyoto ta Japan, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano dabarar da aka fi sani da ATRP. Na farkon ya yi aiki da jan ƙarfe, na biyun da rutiniyam. Ana toshe bakin sarƙa da ƙwayar buromin ko kulorin, ƙarfen ya cire marfin, sarƙa ta ɗan ƙaru, ya sake rufewa. Da yake kowace sarƙa barcinta ya fi farkawarta yawa, duk sukan girma kusan tsawo ɗaya. Haka aka samu damar ƙera folima yadda ake so, don fenti da gam da binciken magunguna.

To amma dillali ya ƙi fita daga cikin kaya. Jan ƙarfen yakan narke a cikin robar ya bar mata launin kore, irin wanda muke gani a jikin tsohon munduwa. Tace shi na cin kuɗi da lokaci, barinsa kuma haɗari ne ga abin da zai shiga jikin mutum.

Masunci ba ya jefa ƙugiya a ruwa sai ya ɗaure ta da igiya, don ya ci kifi ya kuma dawo da kayansa. Wannan tunani masana suka bi. A 1999 David Haddleton na jami'ar Warwick a Ingila, da kuma ɗakin Matyjaszewski, suka ɗaure jan ƙarfen a jikin ƙwayoyin silika da na busasshiyar roba, yadda in an gama sai a tace, a wanke, a sake amfani da shi. Roba ta fito da haske, katalis ya dawo hannu. Sai dai ƙugiyar da aka ɗaure iyakarta tsawon igiyarta. Jan ƙarfen da ke manne wuri guda ba ya saurin cim ma bakin sarƙa ya rufe shi, tsawon sarƙoƙi ya koma bambanta, wato an rasa wani ɓangare na abin da aka fito nema. Wasu suka tsawaita igiyar, wasu suka bar ɗan kaɗan yana yawo a sake.

A 2006 ɗakin Matyjaszewski ya fito da wata mafita: a rage jan ƙarfen zuwa 'yan gomomi cikin miliyan, a riƙa farfaɗo da shi da abubuwa irin su bitamin C ko sukarin gulukos. Nan tarihi ya zagayo kan jarkarmu, domin kuromiyam ɗin Phillips ma ba a tace shi, ƙanƙantarsa ce ta sa ake barinsa a ciki. Binciken ɗaurarren katalis bai tsaya ba, ana ta gwada shi har a jikin ƙwayoyin da maganaɗisu ke janyowa daga cikin ruwan haɗin.

Mun zaɓi "dillali" da "ƙugiya" don su ne a bakin mutanen tafki. In akwai wanda ya ji masunta ko maƙera na da kalmar da ta fi dacewa da katalis, ya kawo mana ita mu gwada ta a jimla. Allah ya kai mu mako mai zuwa.