Garkuwar Zuciya: Yadda Wani Ra'ayi Ya Taso Daga Biyana Ya Kai Mutum Kurkuku a Kalifoniya

Maigida ya sha faɗa a wurin aiki bai ce uffan ba, ya dawo gida ya tarar da yaro ya bar ƙofa a buɗe, sai ya sauke masa kwandon masifa. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan hali, shi ya sa yake cewa haushin kaza huce kan dami. Masana halayyar ɗan Adam kuwa sun sa shi cikin jerin dabarun da zuciya ke kare kanta da su daga abin da ba za ta iya ɗauka ba. A nan za mu kira su garkuwar zuciya.

Labarin ya faro ne a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A 1894 wani likitan jijiyoyi, Sigmund Freud, ya wallafa maƙala yana cewa wasu marasa lafiyarsa na ture tunani mai zafi daga hankalinsu, sai tunanin ya ɓullo ta wata hanya, kamar shanyewar hannu alhali jijiya lafiyarta ƙalau. A 1923 ya raba halin mutum gida uku. Akwai ɓangaren sha'awa tsantsa da bai san haƙuri ba, akwai mai tsawatarwa da ya haɗiye dokokin iyaye da na al'umma, sai kuma "ni" a tsakiya yana sasanci. Idan rikici ya yi tsanani, "ni" ɗin ne ke ɗaga garkuwa, kuma mutum bai ma san ya ɗaga ba. Tun kafin nan manyan abokan tafiyarsa sun kama gabansu: Alfred Adler a 1911, Carl Jung a 1913, dukansu suna ganin ya ɗora wa sha'awar jima'i nauyin da ya wuce kima.

Amma wadda ta tsara batun garkuwar nan dalla-dalla 'yarsa ce, Anna Freud, auta a cikin 'ya'yansa shida. Malamar makaranta ce da farko, ba ta yi karatun likita ba. Uban ne da kansa ya zaunar da ita yana bin diddigin zuciyarta tun daga 1918, abin da a yau duk wata ƙungiyar likitoci za ta yi tir da shi. A 1936, shekarar da uban ya cika 80, ta fitar da littafinta kan "ni" da hanyoyin kare kai, inda ta jero guda goma. Akwai dannewa, wato binne tunani har mutum ya manta da shi. Akwai jingina wa wani aibin da ke jikinka, irin na laifi tudu ne. Akwai juya hali, inda mutum ke zuba wa wanda ya tsana ladabi da fara'a fiye da ƙima.

Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne ta yi shi ne da yara, tana kallonsu suna wasa. Ta ba da labarin wata yarinya mai tsoron fatalwa, wadda ba ta iya ratsa zauren gidansu cikin duhu. Rannan sai ta gano dabara: ta riƙa tafiya tana kwaikwayon fatalwar da kanta, tsoro ya tafi. Anna ta kira wannan rikiɗa zuwa siffar mai cutar da kai. Duk wanda ya taɓa ganin ɗalibin da manya suka gasa wa aya a hannu a makarantar kwana, shi ma da ya zama babba ya fi su mugunta, ya san abin da take nufi. Bayan shekara biyu 'yan Nazi suka mamaye Ostiriya, 'yan sandan Gestapo suka tsare ta suka yi mata tambayoyi, iyalin suka gudu Landan, inda uban ya rasu a 1939.

To, ina hujja? Nan ne gizo ke saƙar. Masanin falsafa Karl Popper ya ce ra'ayin da ke iya bayyana komai ba a iya gwada shi. Ka amince da fassarar likita, ya ce ta tabbata. Ka musa, ya ce ai musun naka ma garkuwa ce.

George Vaillant ya yi ƙoƙarin fitar da batun daga ɗakin likita. Ya yi amfani da wani bincike na jami'ar Harvard da aka fara a 1938, wanda ya bi rayuwar maza 268 tun suna ɗalibai har tsufa. A littafinsa na 1977 ya jera garkuwoyin hawa huɗu, ya nuna cewa masu amfani da na sama, irin su barkwanci, taimakon wasu, da ajiye damuwa da gangan sai lokacinta ya yi, sun fi samun zaman aure da aiki da lafiya. Sai dai a tuna, duk maza ne, fararen fata, 'yan babbar jami'a.

Dannewa ita ce ta jawo babbar ɓarna. A 1990 wata kotu a Kalifoniya ta ɗaure George Franklin bisa laifin kashe wata yarinya a 1969. Babbar shaidar ita ce 'yarsa, wadda ta ce ta ga kisan da idonta, ta manta tsawon shekara ashirin, sannan ta tuna kwatsam. A shekarun da suka biyo baya iyalai da dama a Amurka suka tarwatse saboda abubuwan da aka "tuno" a ɗakin masu ba da shawara. Elizabeth Loftus, wadda ta yi wa Franklin shaida a matsayin ƙwararriya, ta gwada abin a 1995: aka gaya wa mutum 24 cewa sun taɓa ɓata a babban kanti suna yara, abin da bai faru ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayani. A shekarar ce aka soke hukuncin Franklin, aka sake shi a 1996. Kada a yi mana gurguwar fahimta: cin zarafin yara gaskiya ne, kuma da yawa kan yi shekaru ba su faɗa ba. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne mummunan abu yakan addabi mai shi da yawan tunawa, binnewa gaba ɗaya kuwa hujjarta ba ta da ƙarfi.

A 1998 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan garkuwa bakwai. Inkari da juya hali sun sami goyon baya sosai. Jingina aibi ga wani yana faruwa, amma da alama dalilinsa daban ne: ƙoƙarin ƙin tuna aibinka ne ke sa ya tsaya maka a rai, har ka riƙa hango shi a jikin mutane. Karkatar da sha'awa zuwa fasaha ko aikin kirki, wadda Freud ya ɗauka ita ce tushen wayewa, ba su sami shaidarta ba. Shi kuma haushin kaza da muka fara da shi, sun ga mai fushi yakan afka wa wanda bai ji ba bai gani ba, amma babu alamar yin hakan na rage masa fushin.